Riƙe albashi saboda bashi

Riƙe albashi saboda bashi hanya ce ta aiwatar da hukuncin kotu, inda kotu ke umartar wanda yake riƙe da kuɗin mutumin da ake bi bashi, kamar ma'aikatar da yake yi wa aiki ko bankin da albashinsa ke shiga, da ya miƙa kuɗin ga mai bin bashin maimakon ya ba mai su. Ba a kaiwa ga wannan mataki sai an yi shari'a, an yanke hukunci, wanda aka kayar kuma bai biya ba. Kuɗin da kotu ta ce a biya shi ake kira bashin hukunci. Sau da yawa kotu kan ɗora kuɗin ruwa a kan wannan bashi daga ranar hukunci har ranar da aka gama biya, shi ya sa mutum kan iya biyan adadin da aka ambata a hukunci cif, amma a ce masa har yanzu da saura a kansa. A Jihar Sakkwato, wadda ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari ke cikinta, batun ya shafi tsarin shari'a biyu da ke aiki kafaɗa da kafaɗa: dokokin da aka gada daga Ingila, waɗanda suka yarda da kuɗin ruwa, da shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda ta haramta shi.

Kalmomi

A Turancin shari'a ana kiran mutum na uku da ke riƙe da kuɗin garnishee, lauyoyi a Najeriya kuma kan kira dukkan tsarin da wannan suna. Kalmar ta samo asali ne daga tsohon Faransanci garnir, wadda ɗaya daga cikin ma'anoninta shi ne yin gargaɗi, domin aikin farko da umarnin kotu ke yi shi ne gargaɗin mai riƙe da kuɗin kada ya sake su.

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage. Bashi shi ne duk abin da ake bin mutum. Rance shi ne karɓar kuɗi ko hatsi a mayar da kwatankwacinsa, saɓanin aro da ake mayar da abin da aka karɓa shi kansa. Uwar kuɗi ita ce asalin adadin da aka karɓa, ƙarin da ke hawa kanta saboda wucewar lokaci kuma shi ne kuɗin ruwa. Kalmar riba takan rikita masu karatu, domin kalmomi biyu ne daban daga Larabci: riba ta cin kasuwa, mai dogon wasali a gaɓar farko, da riba da addini ya haramta, mai gajeren wasali a gaɓar farko. Da yake rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, ana rubuta su iri ɗaya, sai jumla ta bambance su.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa, alƙalan Daular Sakkwato suna hukunta rikicin bashi da littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Yankin Boɗinga yana da gurbi a wannan tarihi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, wadda ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga a yau, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi ɗan Fodiyo, marubucin Diya'ul Hukkam kan mulki da alƙalanci, shi ma ya zauna a Boɗinga. A wancan zamani babu albashin wata, don haka abin da alƙali ke iya kamawa shi ne dukiyar da ake gani: dabbobi, hatsi, tufafi da kayan kasuwa.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun bar kotunan alƙalai suna aiki ƙarƙashin kulawarsu. Kafa baitulmalin En'e a wajajen 1910 ya kawo biyan hakimai da alƙalai da ma'aikata albashi ƙayyadadde, daga nan aka samu rukunin mutanen da kuɗinsu ke bi ta hannun wani kafin ya iso gare su.

Shi kuwa tsarin kama bashi a hannun mutum na uku, a Ingila ya shiga dokar kotuna ne a 1854. Ya iso Najeriya a cikin dokokin mulkin mallaka, kuma dokar da ke tafiyar da shi har yau ita ce Sheriffs and Civil Process Act ta 1945, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Jihohin arewa suna da dokoki masu kama da ita da suka gada daga tsohuwar Jihar Arewa.

Yadda ake bi a Najeriya

Sashe na 83 zuwa na 92 na dokar ta 1945 su ne suka tsara matakan. Ana bin su kamar haka:

1. Mai bin bashi ko lauyansa ya shigar da buƙata tare da takardar rantsuwa, yana bayyana cewa an yanke hukunci, ba a biya ba, adadin da ya rage kaza ne, kuma akwai wani mutum ko banki da ke riƙe da kuɗin wanda ake bi. A wannan mataki ba a sanar da wanda ake bi bashin, don kada ya kwashe kuɗin.
2. Idan kotu ta gamsu, sai ta ba da umarnin wucin gadi. Da zarar an miƙa wa banki ko ma'aikata wannan umarni, kuɗin sun ɗaure, ba za a sake su ba.
3. Dole a miƙa umarnin ga mai riƙe da kuɗin da kuma wanda ake bi bashin aƙalla kwana 14 kafin ranar zaman kotu.
4. A ranar zaman, mai riƙe da kuɗin zai iya biyan su a kotu, ko ya kawo hujjar cewa babu kuɗin mutumin a hannunsa, ko cewa wani daban yana da haƙƙi a kansu.
5. Idan babu hujjar da ta hana, kotu ta mayar da umarnin ya zama na ƙarshe, a biya mai bin bashi. Mai riƙe da kuɗin da ya ƙi bin umarni, ana iya aiwatar da hukuncin a kan dukiyarsa shi kansa. Wanda ya biya kuwa ya sauke nauyi, mai kuɗin ba zai dawo ya neme su a wurinsa ba.

A shari'ar Union Bank da Boney Marcus ta 2005, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa umarnin ƙarshe hukunci ne yankakke, wanda bai gamsu ba sai dai ya ɗaukaka ƙara. An daɗe ana ɗaukar cewa wanda ake bi bashin ɗan kallo ne kawai a wannan zama, amma a shari'ar Gwede da Majalisar Dokokin Jihar Delta ta 2019 Kotun Ƙoli ta nuna cewa ana iya sauraron sa idan akwai kuskure a adadin da ake nema ko an ɓoye wa kotu gaskiya. Wannan yana da muhimmanci ga wanda ya riga ya biya wani kaso amma ba a cire shi daga lissafi ba.

Riƙe kuɗi ɗaya ce daga cikin hanyoyin aiwatar da hukunci. Akwai kuma kama kaya a yi gwanjonsu, inda sashe na 25 ya ware tufafi da shimfiɗa da kayan sana'a har na kimanin naira 10, adadin da hauhawar farashi ta daɗe da mayarwa ba komai ba. Gida ko fili kuwa ba a taɓa shi sai an rasa kayan da za su isa biya, kuma sai da izinin kotu. Ɗaukaka ƙara shi kaɗai ba ya tsayar da aiwatar da hukunci, sai an nemi kotu ta ba da umarnin dakatarwa.

Abin da ake iya riƙewa daga albashi

Ƙa'idar ita ce ana kama bashin da ya riga ya tabbata ne. Albashin watan da aka riga aka yi aikinsa, lokacin biyansa ya yi, bashi ne a kan mai ba da aiki. Albashin watan da bai zo ba kuwa bai zama bashi ba tukuna. Saboda haka masu bin bashi suka fi nufar banki, domin da zarar albashi ya faɗa asusun ma'aikaci, ya zama kuɗin da banki ke riƙe masa. Cire wani kaso duk wata yakan biyo bayan sulhun da kotu ta amince da shi, ko umarnin biya kaɗan-kaɗan. Idan kotu ta ba da irin wannan umarni, sashe na 21 ya hana fitar da takardar kama kaya sai mutum ya saɓa biyan wani kaso.

Sashe na 84 ya sanya shinge ga kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati a matsayinsa na aiki. Ba a ba da umarnin riƙe irin waɗannan kuɗi sai da amincewar Antoni Janar na tarayya ko na jiha, gwargwadon gwamnatin da jami'in ke yi wa aiki. A shari'ar Babban Bankin Najeriya da kamfanin Interstella, wadda aka yanke a 2017, Kotun Ƙoli ta ƙi barin gwamnati ta fake da wannan sashe a inda Antoni Janar da kansa ya shiga sasantawar bashin, har aka biya wani ɓangare.

Dokar Ƙwadago ta ƙayyade abin da mai ba da aiki zai iya cirewa da kansa. Sashe na 5 ya hana cire kuɗi daga albashi sai ta hanyar da doka ta yarda, kuma jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Sashe na 4 ya ce rancen albashi kada ya wuce na wata ɗaya, kada a karɓe shi a ƙasa da wata 3, kuma ba a ɗora masa kuɗin ruwa. Sai dai ma'anar ma'aikaci a wannan doka ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba, waɗannan sharuɗɗan aikinsu ne ke tafiyar da su. Najeriya ta kuma amince da Yarjejeniya ta 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1949, wadda ta ce a kare albashi daga kamawa gwargwadon abin da ma'aikaci da iyalinsa ke buƙata don rayuwa.

Akwai wata hanyar da jama'a kan rikita da umarnin kotu. Tun daga 1 ga Agusta 2020, Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba banki damar cire kuɗin rancen da aka kasa biya daga asusun mai rancen a wasu bankuna, ta amfani da lambar BVN. Wannan ya dogara ne da izinin da mai rance ya sa wa hannu lokacin karɓar kuɗin, ba da hukuncin kotu ba. Ƙa'idar tsarin ta ce uwar kuɗi da kuɗin ruwan da ya taru kaɗai za a cire, ban da tarar jinkiri.

Kuɗin ruwa a kan bashin hukunci

Kotunan Najeriya suna bambanta kuɗin ruwa iri biyu, kamar yadda Kotun Ƙoli ta fayyace a shari'ar Ekwunife da kamfanin Wayne a 1989. Na farko shi ne na kafin hukunci, wanda dole mai ƙara ya neme shi a takardunsa, ya kuma tabbatar da shi da yarjejeniya ko al'adar kasuwanci ko wata ƙa'idar adalci. Na biyu shi ne na bayan hukunci, wanda ƙa'idojin kotu suka ba alƙali ikon bayarwa. Manufarsa ita ce rama wa mai haƙƙi jinkirin da aka yi masa, da hana wanda aka kayar jan ƙafa.

Adadin da ya fi yawo shi ne kashi 10 cikin 100 a shekara, amma yadda aka rubuta shi ya bambanta. Ƙa'idojin Babbar Kotun Tarayya sun ce kada ya wuce kashi 10, na Babbar Kotun Legas da ta Abuja kuma sun ce kada ya gaza kashi 10. A mafi yawan hukunce-hukunce kuɗin ruwan a kan uwar kuɗi kaɗai yake hawa, ba ya haihuwar wani kuɗin ruwan. Abin da ke yanke gardama shi ne lafazin hukuncin: wane adadi aka ambata, daga wace rana zai fara, kuma a kan wane kuɗi. Mai bin bashi ba shi da ikon ƙara abin da kotu ba ta bayar ba.

Misalin lissafi

A ɗauka kotu ta yanke wa wani malamin makaranta biyan naira 600,000 da kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100 a shekara har ya gama, aka kuma daidaita zai riƙa biyan 25,000 a ƙarshen kowane wata. A lissafinsa, wata 24 sun isa, domin 25,000 sau 24 shi ne 600,000. Amma a watan farko kaɗai kuɗin ruwan 5,000 ne. Abin da zai rage bayan wata 24 ya danganta da inda ake zuba kowane biya:

- Idan ana rage uwar kuɗi da dukkan abin da ya biya, kuɗin ruwan yana raguwa wata bayan wata. A ƙarshen wata 24 uwar kuɗi ta ƙare, kuɗin ruwan da ya taru kuma 62,500 ne. Wannan adadi ba ya ƙaruwa, tunda babu sauran uwar da zai hau kanta.
- Idan ana fara cire kuɗin ruwan watan, sannan a rage uwar da abin da ya saura, bayan wata 24 zai rage kimanin 71,000. Wannan saura uwar kuɗi ce, don haka kuɗin ruwa zai ci gaba da hawa kanta, biyan kuma sai ya kai wata 27.
- Idan mai bin bashi ya lissafa kashi 10 a kan 600,000 gaba ɗaya na shekara 2, zai nemi 120,000. Wannan kuskure ne, domin ya ɗora kuɗin ruwa a kan kuɗin da aka riga aka biya shi.

Jinkiri kafin fara biya shi ma yana da tsada. A wannan misali, wata 6 tsakanin ranar hukunci da ranar da aka fara biya suna ƙara 30,000. Ban da haka, kotu kan ɗora kuɗin shari'a da na neman umarnin riƙewa, waɗanda mutane da yawa ba sa sawa a lissafinsu.

Bayan an gama biya

Rikicin da ke tasowa bayan biya yawanci iri uku ne: a ci gaba da cire kuɗi bayan bashi ya ƙare, a bar asusu a rufe, ko mai bin bashi ya dawo da neman kuɗin ruwa. Abin da ke warware su shi ne takardu: kwafin hukunci mai hatimin kotu, rasit na kowane biya, takardun albashi, da bayanin asusu daga banki. Da su ake tsara lissafi wata-wata a gwada da na mai bin bashi.

Banki ba ya buɗe asusun da kotu ta ɗaure don mai shi ya ce ya biya. Sai an koma kotun da ta ba da umarnin, a nuna mata shaidar biya, ta sallami bankin. Idan an cire fiye da ƙima, wanda aka cire wa yana da haƙƙin neman a mayar masa da rarar. Idan kuma an sasanta cewa mai bin bashi ya yafe kuɗin ruwa ko ya karɓi wani adadi a matsayin cikakken biya, rubuta sulhun da shigar da shi gaban kotu shi ke hana maganar dawowa. Kuɗin ruwan da kotu ta bayar, wanda ba a biya ba kuma ba a yafe ba, yana nan a matsayin ɓangaren hukunci, ana iya binsa ta hanyoyin da ake bin uwar kuɗi. Ƙa'idojin aiwatar da hukunci sun ba da shekara 6 don fitar da takardar kama dukiya, bayan haka sai da izinin kotu.

Bashi ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da sashe na 8 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 sun hana kama mutum saboda rikicin kuɗi ko saɓa yarjejeniya kawai. Marasa hali na iya neman taimakon Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke aiki da dokar 2011.

Mahangar shari'ar Musulunci

Ayoyi na 275 zuwa 280 na Suratul Baƙara sun haramta riba, sun bar wa mai bin bashi uwar kuɗinsa, sun kuma umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. A ɗaya ɓangaren, hadisi ya siffanta jan ƙafar mai hali wajen biya da zalunci. Daga nan malaman Malikiyya suka kasa waɗanda ake bi bashi: mai hali da ya ƙi biya, alƙali ya tilasta masa, ko da da tsarewa ko sayar da dukiyarsa, wanda ba a san halinsa ba, a bincika ko ya kawo mai tsaya masa, wanda talaucinsa ya tabbata kuma a saurara masa. Idan bashi ya fi ƙarfin dukiyar mutum, alƙali na iya hana shi taɓa ta, ya raba wa masu binsa gwargwadon haƙƙin kowa, a bar masa tufafi da abin ciyar da iyali na wani lokaci. Babin hawala, wato mayar da bashi kan wani mutum na uku da shi ma ake binsa, ya yi kama da riƙe kuɗi, sai dai ita da yardar mai bin bashi da wanda ake bi take ƙulluwa.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta yanke a Kuwait a 1988 cewa ana biyan bashi da kwatankwacin adadinsa ne, ba da ƙimar kuɗin ranar biya ba. A Jidda a 1990 kuma ta ce bai halatta a ƙara wa mai saye da bashi wani abu saboda jinkiri ba. Wasu malaman zamani, irin su Mustafa Zarƙa, sun ga halaccin tilasta wa mai hali da ya ja ƙafa biyan diyyar cutarwar da ya jawo. Hanyar da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suka fi bi ita ce tarar jinkiri da ake bayarwa sadaka, ba ta shiga ribar banki. A Najeriya bankin Jaiz ne ya fara aiki da wannan tsari a 2012.

A Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari biyu ne daga ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato, suna kudu da birnin Sakkwato a kan hanyar Tambuwal da Jega. Ƙidayar 2006 ta ba Boɗinga mutum 175,406, Shagari kuma 156,413. Mafi yawan jama'a manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, masu albashin wata kuma galibi malaman makaranta ne da ma'aikatan lafiya da na ƙaramar hukuma. Da yake albashinsu daga asusun gwamnati yake fitowa, sashe na 84 ya shafi kuɗin muddin suna hannun jami'in biya, amma bai shafe su ba bayan sun shiga asusun ma'aikaci a bankin kasuwanci.

Rikicin bashi a karkara yakan fara ne a gaban dangi, mai unguwa, hakimi ko limami, da yawa kuma a nan yake ƙarewa. Idan ya kai kotu, kotun da aka je ita ke nuna ko za a yi maganar kuɗin ruwa. A shekara ta 2000 Sakkwato ta bi sahun Zamfara wajen faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci, kotunan shari'a suka maye gurbin kotunan yanki. Waɗannan kotuna suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, don haka uwar kuɗi suke umartar a biya. Bashin banki da na kamfani kuwa yakan tafi kotun majistare ko Babbar Kotun Jiha, inda ake aiki da ƙa'idojin da suka yarda da kuɗin ruwa. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya taƙaita ikon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara, shi ya sa manyan kotuna suka sha yanke cewa ɗaukaka ƙara kan abin da ke wajen wannan jeri ba hurumin ta ba ne. Taƙaddama tsakanin ma'aikaci da mai ba shi aiki kan cire albashi kuwa ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, bisa sashe na 254C, kuma tana da reshe a Sakkwato.

A wasu ƙasashe

A Jamhuriyar Nijar ana bin dokar bai-ɗaya ta ƙungiyar OHADA, mai ƙasashe 17, wadda aka yi a 1998 aka sabunta a 2023. Ba a kama albashi sai da takardar hukunci mai ikon aiwatarwa, kuma sai an fara gwada sulhu a gaban kotu. Kowace ƙasa ita ke ƙayyade kason da ake iya kamawa.

A Ingila akwai dokar 1971 da ta ba kotu ikon umartar mai ba da aiki ya riƙa cire wani kaso duk lokacin biya, tare da ware adadin da ba za a taɓa ba. Kuɗin ruwa a kan hukuncin Babbar Kotu kashi 8 ne cikin 100 tun 1993.

A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta ce ba a cire fiye da kashi 25 cikin 100 na abin da ya rage bayan haraji da sauran cire-ciren dole, ko abin da ya haura ninki 30 na mafi ƙarancin ladan awa ɗaya a mako, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Don ciyar da yara ana iya kaiwa kashi 50 zuwa 60. Dokar ta kuma hana korar ma'aikaci saboda an riƙe albashinsa kan bashi guda. Jihohi irin su Texas da Pennsylvania ba sa barin riƙe albashi kan bashin yau da kullum, New York kuma ta rage kuɗin ruwa kan irin wannan bashi daga kashi 9 zuwa kashi 2 a 2022.

Muhawara

Masu bin bashi suna ƙorafin cewa kashi 10 cikin 100 ba ya rama asara a ƙasar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 a 2024, don haka jinkiri riba ne ga wanda aka kayar. Lauyoyi da yawa suna sukar sashe na 84, suna cewa ya ba gwamnati damar zama alƙalin kanta, kuma bai dace da sashe na 287 na Kundin Tsarin Mulki ba, wanda ya wajabta wa kowa bin hukuncin kotu. Bankuna suna kuka da yadda ake jera su da yawa a buƙata guda ba tare da sanin inda asusun mutum yake ba. Ta ɓangaren ma'aikata kuwa, damuwar ita ce dokar 1945 ba ta ware wani kaso na albashin da ya shiga banki don ciyar da iyali ba, ta yadda mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, zai iya wayar gari asusunsa a ɗaure har ranar da kotu za ta zauna.